Wajibi Ne In Riƙa Cefane A Shagon "Ba Taki Ba Magani"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, 'ya'yana biyar. Wata biyu ke nan na daina aiken cefane kasuwa, na koma wani sabon shago mai sayar da abin da suke kira oganik, wai an noma shi ba takin zamani ba feshin magani. Dalili, wani wake aka sayo mini, ina buɗe ledar warin fiya-fiya ya bugi hancina. Sannan wata malama a islamiyyarmu ta ce Allah cewa ya yi a ci halal ɗayyib, abin da aka noma da sinadari kuwa halal ne amma ba ɗayyib ba. Kayan shagon sun kusa ninka na kasuwa, sai na rage abin da nake dafawa don kuɗin su isa, maigida bai sani ba. Ran nan kuma yaron shagon ya suɓutar da baki, ya ce tumatir da alayyafonsu a 'Yar Kutungu suke sarowa da sassafe. Wajibi ne in ci gaba? Ina da zunubi in na koma kasuwa?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ba wajibi ba ne, kuma ba ki da zunubi in kin koma kasuwa. Amma ɗiyata, abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki ba shi ne kika tambaya ba. Kin ce kin rage tukunya maigida bai sani ba. Kuɗin cefane amana ce ya damƙa miki don a ƙosar da gida, ke wakiliyarsa ce a kansu, wakili kuwa ba ya sauya abin da aka wakilta shi a kai sai da sanin mai shi. Yara biyar suna tashi daga kwano ba su ƙoshi ba, wannan cutarwa ce da kike gani da idonki kullum, kin ɗauke ta don gudun wadda ake zato. Daren yau ki faɗa masa. In yana da hali ya ƙara kuɗi, madalla. In ba shi da shi, tukunya ta koma yadda take.

Sai maganar malamarku, wadda ba ita kaɗai ke faɗinta ba, na sha jin ta a bakin 'yan boko masu son addini. Niyyarsu kyakkyawa ce, fahimtar ce ta karkace. Ayar tana cikin Baƙara, aya ta 168. Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa a wurin Imamu Malik ɗayyib a nan shi ne halal ɗin, an maimaita ne don ƙarfafawa. Shafi'i ya ce shi ne abin da rai ke jin daɗin cinsa. Ibnu Kasir ya ce mai kyau a karan kansa wanda ba ya cutar da jiki ko hankali. Ki ɗauki duk wadda kika so cikin ukun nan, ba wadda ta rataya hukunci a kan irin takin da aka zuba wa gona. Ma'aunin shi ne cutarwa. Gero da masarar da aka sa wa takin zamani su ne mutanen ƙasar nan ke ci shekara da shekaru, su ake fitar wa zakka, su ake ba almajiri. Wanda ya ce ba ɗayyib ba ne ya tuhumi abincin talakawa kaf, ya mai da bin umarnin Allah sai mai kuɗi, alhali ayar da "ya ku mutane" ta fara.

In kuma tsarki suke nufi, to hujjar kansu za ta juya. Da me ake noman da suke yabo? Da kashin dabbobi da takin bola, wanda ake kwasa da amalanke, kowa ya san abin da ke cikinsa. Duk da haka Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun mazhabarmu ta Malikiyya, ya lissafa shukar da aka raya da najasa cikin abubuwa masu tsarki. In najasa ba ta fitar da amfanin gona daga tsarki ba, ina ga takin buhu wanda ba najasa ba ne tun asali? Mai son ya ci na takin gida don lafiyarsa ko don ya fi masa ɗanɗano, kuma aljihunsa zai ɗauka, halal ne, ba mai hana shi. Abin da ba mu yarda ba shi ne a sa wa zaɓin mutum rigar wajibi. Kada kuma ki je ki kunyata malamar a gaban ɗalibai, ki same ta ita kaɗai.

Waken nan kuwa hukuncinsa daban, kuma hancinki ne ya sauya shi. Tunda kin ji warin, kin fita daga zato. Ba ya halatta ki dafa wa yara, ba ya halatta ki bayar sadaka ko ki sayar wa mai ƙosai. Abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper guba ce ta kashe ƙwari, ba a yi ta don a yayyafa wa abincin da za a ci ba. Saboda yawanta a cikin wake Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC kuma ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019. Mai zuba ta ya ɓoye wa mai saye ya haɗa algus da cutarwa, haramcinsu ba saɓani. Haka mai nunar da ayaba da mangwaro da kabaid ɗin masu walda. Amma laifin mutum guda ba ya haramta kasuwa. Ki sauya mai awo, wanda za ki aika ya shinshina kafin a auna. Wake a tsakiyar damina sumul ba ƙwaro ko ɗaya abin a yi tambaya ne. Mai 'yan huji-huji sau da yawa ya fi aminci. In da hali ki saya da kaka, ki shanya ya bushe ƙarau, ki cika jarka har baki ki toshe, ko ki sa a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba ko ɗigon magani.

Game da shagon, idan ya tabbata kayan kasuwa suke wankewa su sa a leda su rubuta musu abin da ba su sani ba, ƙarin kuɗin da suke karɓa haram ne a kansu, ke ba ki da laifi. Kina ma da haƙƙin mayarwa ki karɓi kuɗinki, domin a mazhabarmu duk siffar da aka yi ciniki a kanta, mai saye yana da buƙata da ita, sai aka tarar babu, ana mayar da kaya. Sai dai na ce idan ya tabbata. Maganar yaron ba ta isa hujja ba. Yana yiwuwa suna da wani manomin lambu daga Ajiwa da suka san nomansa, a kasuwar kawai suke haɗuwa. Ki tambayi mai shagon kai tsaye: gonar wa, a wane gari, wa ya je ya gani? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Kada ki ambaci yaron, kada ki zama sanadin korarsa. Kada kuma sunan shagon ya hau zauren WhatsApp na matan unguwa kafin ki tabbatar, don in aka ɓata kasuwar mutum bisa ƙarya, istigfari kaɗai ba ya biya.

Tunda kina son kuɗinki su tafi inda ya dace, ga tsofaffin nan da ke shigowa daga ƙauye da ƙunshin zogale da rama da yakuwa. Mafi yawa a bayan gida ko gefen gona suka tsinko. Ki saya a wurinsu, in ta faɗi kuɗi kada ki tsaya kina ja da ita a kan naira hamsin.

Wallahu a'alam.