Yatsun yarona sun lanƙwashe bayan ƙuna: aiki zai miƙe su?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 3 ya dafa garwashi a murhu da ɗarin bara. Ciwon ya yi wata biyu kafin ya warke, yanzu yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafin hannu. Wasu sun ce in bari ya girma za su miƙe da kansu. Mene ne gaskiya? Daga wata uwa a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ba za su miƙe da kansu ba, jira ma ƙara ɓata hannun yake yi. Ƙunar da ta wuce mako uku ba ta rufe ba ta ci fata har ƙasa, kuma irin wannan da tabo take warkewa. Tabo kuwa tsukewa yake yi wata da watanni, ba ya kuma girma tare da yaro. Ƙashin yatsa na ƙara tsawo, tabon na riƙe da shi, sai lanƙwasar ta ƙaru, daga baya gaɓar kanta ta sandare.

Ki kai shi sashen tiyata na babban asibitin Zinder a duba. Likita zai ja yatsan a hankali: in tabon ya ɗaure ya yi fari, matsalar a fata take. Zai kuma lanƙwasa wuyan hannun ya gani. In yatsu sun saki sa'ad da aka lanƙwasa shi, to naman damtse ne ya gajarce, abin da muke yawan gani ga yaran da aka yi wa ɗori aka matse karan har jini ya daina gudana, kuma aikin wannan daban ne. Za a gwada ko kan yatsun na jin taɓi, a ɗauki hoton ƙashi don ganin gaɓoɓi, a auna jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ko yake fama da tamowa, gyara wannan ake fara yi, don sabuwar fata ba ta kamawa a jikin da ba shi da ƙarfi.

Galibi ana jira tabo ya nuna, wato ya yi laushi ya daina ƙaiƙayi da ja, wata 6 zuwa 12 bayan ƙunar. Na ɗanki ya kai. Ana sa yaro barci, bayan ya yi awa 6 bai ci abinci ba. In tabon siriri ne kamar igiya, ana yanka shi a karkace a musanya gefunan fatar, tsawonsa ya ƙaru ba tare da an ɗebo fata daga wani wuri ba. Amma yatsu uku da suka manne da tafi sun fi ƙarfin wannan. Sai an yanke tabon an buɗe hannun, ramin da ya bayyana kuma a rufe shi da fatar da aka ɗebo daga lanƙwasar cinya, ƙasan mara. Fata mai cikakken kauri muka fi so a tafin yaro, domin ba ta tsukewa kamar siririya. Wurin da aka ɗebo ta ɗinke shi ake yi. Sai dai za ta fi tafin duhu har abada, gara ki sani tun yanzu. Inda jijiyar motsi ko ƙashi ya fito fili, dashe ba ya kamawa, sai an juyo fata mai jininta daga kusa.

Wani lokaci ba a miƙe yatsa sarai a aiki ɗaya. Jijiyoyin jini ma sun gajarce, in aka ja da ƙarfi yatsa ya yi fari ya mutu. Likitan da ya tsaya a rabi ya ce a dawo, ya san abin da yake yi. Ana soka siririn ƙarfe cikin yatsun ya riƙe su a miƙe kamar mako uku, sannan a zare.

Ba a buɗe bandejin farko sai kwana 5 zuwa 7. Abu uku ke kashe dashe: jini ya taru ƙarƙashinsa, ƙwayoyin cuta su shiga, ko hannu ya yi ta motsi. Don haka a ɗaga hannun sama, kada ya jiƙe, kada ya taɓa ƙasa. Zazzaɓi, wari, ko kan yatsa ya yi sanyi ya canza launi, a koma asibiti a ranar.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan sallama. Za a ba shi abin ɗaure hannu da zai riƙe yatsun a miƙe, dare da rana a makonnin farko, sannan da dare kawai har wata 6 ko fiye. Zai yi kuka, kakarsa za ta ce a cire masa ya huta. Kada ki cire, yatsun komawa suke yi. Da zarar ciwo ya rufe, a riƙa murza tabon da man kaɗe sau biyu ko uku a rana, a je wurin masu motsa gaɓoɓi, a bar shi ya ɗauki cokali da kayan wasa da hannun. A ci gaba da kai shi dubawa ko sau ɗaya a shekara har ya gama girma, domin wasu yaran kan buƙaci ƙarin aiki. In aka ce aikin ya fi ƙarfin nan, asibitin yara na CURE a Yamai na yin irinsa, sai ki nemi takardar turawa.