Mushe, yankakke da "gubar jini": amsar wasiƙu biyu daga Legas

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya a Idi-Araba ta rubuto cewa an ba ta aikin yi wa matan unguwa bayani da Hausa a kan cutar da likitoci ke kira sefsis, wato gazawar gaɓoɓin jiki idan garkuwar jiki ta rikice wajen yaƙar cuta, ta kuma maƙale a wuri guda. A littattafansu an ce ƙwayoyin halittar jiki suna mutuwa iri-iri, kowace mutuwa da abin da take jawowa. Tambayarta: "Malam, ƙwayar halitta mutuwa take yi ko rasuwa? Kuma ta yaya zan ce mutuwa iri-iri ce, alhali Bahaushe ya ce mutuwa rigar kowa?"

'Yata, rasuwa dai ta ɗan Adam ce, kalmar girmamawa ce, ko akuya ba a ce ta rasu. Ki ce mutuwa kawai. Karin maganar kuwa tana nufin babu mai tsira, ba ta ce hanyar ɗaya ce ba. Ki je mayanka ta Oko-Oba a Agege ki ga yadda mahauta ke rarrabe yankakke da mushe. Duka biyun rai ya fita, amma ɗaya a ci, ɗaya a jefar. Yadda aka mutu shi ke yanke hukuncin abin da zai biyo baya, kuma matan da za ki yi wa magana sun san wannan tun suna yara.

A ƙwayoyin halitta, mutuwa ta farko ita ce afoftosis, sunan da Kerr da Wyllie da Currie suka raɗa a 1972 daga kalmar Girkanci mai nufin zubewar ganye. Ina ba ki shawarar ki kira ta "kaɗewa". Ƙwayar tana tsukewa, ta kakkarye ƙunshi-ƙunshi ba tare da cikinta ya zube ba, wasu fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye, babu kumburi. Ta biyu firoftosis ce, sunan da ya fito a 2001, tushensa kalmar wuta. Wannan ki ce mata "fashewa". Ƙwayar da ta ji cuta ta shige ta sai ta huda fatarta da wani sinadari da ake kira gasdamin D, ta fashe, ta watsa sinadaran da ke tayar da zazzaɓi da kumburi, wato ta mutu tana kururuwa. Akwai kuma wadda aka bayyana a 2004, inda farar ƙwayar jini ke fitar da zaren cikinta ya zama taru mai kama ƙwayoyin cuta. Tarun yana da amfani, sai dai in ya yi yawa yana taimakawa wajen daskarar da jini a ƙananan jijiyoyi.

Abin da nake so ki kula da shi, kada mata su ɗauka kaɗewa alheri ce, fashewa sharri. A sefsis duka biyun suna iya wuce gona da iri. Fashewa in ta yi yawa kumburi ya game jiki, ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Kaɗewa in ta yi yawa tana share ƙwayoyin garkuwar jiki cikin shiru, majiyyaci ya tsallake kwanakin farko, sannan wata cuta da ba ta kai ta kawo ba ta kayar da shi.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce, ɗan kasuwa a Alaba Rago. Ƙaninsa ya ji ciwo a ƙafa, gyambo ya yi mugunya, aka kwantar da shi, aka ce musu "gubar jini" ce. Yanzu 'yan'uwa a gida sun ce wani ne ya sa masa hannu. Yana tambaya ko guba da dafi da sammu abu ɗaya ne.

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Ba ɗaya ba ne. Guba abin da aka ci ne ko aka sha, dafi na maciji ne da kunama da kibiya, sammu kuwa aikin asiri ake nufi. "Gubar jini" wani suna ne na sefsis, fassara ce da aka ɗauko daga bakin Turawa, ni kam ba na son ta, domin Bahaushe in ya ji guba sai ya fara neman wanda ya zuba. Asalin kalmar sefsis a Girkanci ruɓewa take nufi. Ma'anar da likitoci suka amince da ita a 2016 ita ce gaɓoɓin jiki su fara gazawa saboda garkuwar jiki ta rikice wajen yaƙar cuta. Babu hannun kowa a ciki. Karin maganar da ta dace da ita ita ce "gobara daga kogi", wato ɓarna ta taso daga inda ake sa ran agaji. Ana ƙarasa ta da "maganinta Allah", kuma haka ne, amma kada a fahimce ta a matsayin izinin zama a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen duniya a shekarar.

Ka gaya wa mutanen gida su bar shi a hannun likitoci ya ƙarasa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa, a yi masa addu'a a gefen gadonsa. In kuma wani mai rauni ko maijego ya fara numfashi sama-sama, ko magana ta rikice masa, ko fitsari ya ragu, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, a nemi mota a wannan sa'ar, kada a ce sai cunkoson hanya ya lafa.