Tambayi Likita: Tafiyar Tsofaffi, Jiri da Faɗuwa

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura shekara 70, tafiyarsa ta yi sanyi, kuma ya ƙi riƙe sanda. Ya zama dole ne? Daga wani mai karatu a Katsina.

Wa alaikumus salam, Malam. Idan yana tangaɗi ko yana dafa bango, a lallashe shi ya riƙe. Tsawonta ya kai wuyan hannunsa idan yana tsaye, a sa mata roba a gindi, ya riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafar da ta fi lafiya.

Likita, duk sanda na tashi sallar asuba sai jiri ya ɗebe ni. Ina shan maganin hawan jini. In daina? Daga wata Hajiya a Zariya.

Kada ki daina da kanki, Hajiya. Idan mutum ya miƙe farat ɗaya jini yakan taru a ƙafafu, kuma jikin mai shekaru ba ya saurin mayar da shi sama, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara hakan. Ki zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu, ki motsa ƙafafu, ki kunna tocila kafin ki taka. Sannan ki koma asibiti a auna jininki a kwance da kuma a tsaye, wataƙila a rage maganin ko a sauya shi. In jirin ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, a kai ki asibiti nan take.

Likita, mahaifiyarmu ta zame a banɗaki mako biyu da suka wuce, ta kasa tashi. Mai ɗori ya ce gocewa ce, ya ja ƙafar ya ɗaure, ya ce ta kwanta kwana 40. Har yanzu ba ta iya juyawa. Daga wata baiwar Allah a Kano.

Malama, wannan tambayar ta tayar mini da hankali, kuma ina roƙonku ku kai ta asibiti yau, kada ku jira kwana 40. Ki yaye mata zane ki dubi ƙafar. Idan ta fi ɗayar gajarta, tafin kuma ya kwanta waje, kuma Mama tana ihu in an taɓa makwancin cinyar, to alamun karayar ƙashin kwatangwalo ke nan, wato saman ƙashin cinya inda ya haɗu da ƙugu. Wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu hannun da zai laluba ya tabbatar da ita, sai hoton ƙashi.

Mutane kan yi mamakin yadda zamewa kawai za ta karya babban ƙashi. Bayan haila ta ɗauke, ƙashin mace yana raguwa a hankali ba tare da ciwo ba, har ya zama kamar karan dawa da gara ta cinye cikinsa, ana ganinsa a tsaye alhali ba ya ɗaukar nauyi. Kan wannan ƙashi na cinya kuma jijiyoyin da ke kai masa jini kan tsinke idan ya karye, shi ya sa sau da yawa ba ya haɗewa komai daɗewar kwanciya, sai an yi aiki an sa ƙarfe ko an sauya kan ƙashin. Likitocin ƙashi sun fi son a yi aikin cikin kwana biyu domin a tayar da mutum ya fara takawa da wuri.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kwanciyar kanta. Tsohuwar da ta daɗe a kan tabarma tana fitsari a kwance, bayanta da ɗuwawunta sukan ɓarke da gyambo, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Waɗannan ne ke kashe tsofaffinmu, sai a ce ai tun da ta faɗi ba ta ƙara lafiya ba, kwana ne ya ƙare. Rai na Allah ne, amma neman magani wajibinmu ne. Ɗauri mai tsanani kuma yana iya tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe, don haka in yatsun sun yi sanyi, sun kumbura ko sun yi baƙi, a kwance shi yanzu. Na san kuɗin aiki yana da nauyi, amma kuna Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala a kusa. Ku je a yi hoto ku ji gaskiyar lamarin, sannan dangi su zauna su yi shawara. Ku ɗauke ta a kwance, kada ku sa ta taka.

Tun da kakarmu ta faɗi muka hana ta fita ko tsakar gida. Mun yi daidai?

Niyyarku mai kyau ce, amma zaman yana cinye tsokar cinya, sai ta fi saurin faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara, kuma motsa jiki na cikin abubuwan da ke rage hakan. Ta riƙa tashi daga kujera tana zama sau 10 safe da yamma, wani na kusa da ita. A kankare gansakukar banɗaki, a kafa mata abin dafawa da kujerar alwala, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a raba ta da silifas ɗin da ya siɗe. A duba mata yanar ido da ciwon suga, domin suga yana kashe jin tafin ƙafa. In ta bugu a kai, sannan ta fara ruɗewa ko yawan barci, ko da bayan makonni ne, a kai ta asibiti.

Ina sayo wa Baba haɗin ƙwayoyi na ciwon gwiwa a tasha. Da matsala?

Haba Malam! Ƙwayoyi a leda babu suna babu kwali? A irin wannan haɗin akan sami masu sa barci da jiri, da masu cin ciki da ƙoda, da irin su dexamethasone da ke rage ƙarfin ƙashi. In ya daɗe yana sha, kada a yanke masa farat ɗaya. Ka ɗauki ledar da Baba ku je wurin likita a wannan makon.