Amsa ga Malamar da ke son samun kuɗin talla ta hanyar rubutu daga gida

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a nema. Tambayarki ita ce: kina koyarwa da safe a Agege, bayan azahar kina gida, waya kawai gare ki babu kwamfuta, kina son buɗe shafi ki riƙa rubuta girke-girke da Hausa, Google ya sa talla ya riƙa biyanki, kuma kina son sanin nawa ake samu a wata. Waɗanda suka riga ni amsawa sun ce ki buɗe shafin kawai ki nemi AdSense. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma akwai abin da suka tsallake, kuma shi ne yake karya gwiwar 'yan'uwanmu da yawa bayan sun shafe wata da watanni suna wahala.

AdSense, tsarin tallan Google da ya fara aiki tun 2003, yana da jerin harsunan da yake karɓa, kuma Hausa ba ta ciki. Akwai Turanci, Larabci, Faransanci, Urdu, Turkanci da wasu da dama, amma babu namu. Ƙa'idarsu ta ce ba a ɗora tallansu a shafin da galibin rubutunsa yake cikin harshen da ba su lissafa ba. Don haka ko rubutu 100 kika yi da Hausa mai daɗi, amsar da za ta dawo miki ita ce harshen bai dace ba. Ki leƙa jerin da idonki a sashen taimako na AdSense kafin ki kashe ko kwabo, domin sukan ƙara harsuna jefi-jefi. Wasu sukan yi dabara, su cika shafi da Turanci har a amince da su, sannan su juya shi zuwa Hausa. Wannan yakan yi aiki na ɗan lokaci, amma duk ranar da na'urarsu ta sake bin shafin, talla ta tsaya, wani lokacin har asusun ya shiga matsala. Ba na son ki gina wahalarki a kan haka.

Saura hanya biyu ta gaskiya: ko ki yi rubutun da Turanci ki nemi AdSense, ko ki yi da Hausa ki nemo masu talla da kanki. A ganina, tunda ke malama ce kuma Turancinki zai iya ɗaukar bayanin girki, ki fara da ta farko, ta biyun ta biyo baya. Dalili kuwa, abin da ke hannunki ba kowa ke da shi ba. Yarabawa da Inyamurai da ke cin masa da suya a Obalende da Idi-Araba suna neman yadda ake yin su a gida. 'Yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka da Kanada suna neman yadda ake haɗa yaji, kunun gyaɗa, dambun nama, miyan kuka, fura. Galibin abin da suke tararwa waɗanda ba su taɓa riƙe tanda ba ne suka rubuta shi.

Nan ne ya kamata ki tsaya ki yi aiki sosai, domin rubutun shi ne jarin. Ɗauki masa. Kada ki ce a jiƙa shinkafa a markaɗa a soya, wannan kowa ya faɗa. Faɗi cewa shinkafar tuwo ake nema ba ta dafa-duka ba, da inda ake samunta a Mile 12 ko kasuwar Agege, da sunan da za a kira wa mai sayarwa. Ba da awo da derika, tunda da ita ake awo a Legas ba da mudu ba, sannan ki ƙara awon kofi saboda na ƙasar waje. Faɗi awa nawa za a jiƙa, yis cokali nawa, yadda ƙullin yake idan ya tashi, da abin da ya sa yake tsami fiye da kima idan ya daɗe a zafin Legas. Yi gargaɗi a kan injin markaɗen da ya gama niƙa tarugu ba a wanke ba. Bayyana abin da ke sa masa ta kama tanda, ko bayanta ya ƙone cikinta ɗanye, wato wuta ta yi yawa ko ƙullin ya yi kauri. Ki ɗauki hoto da wayarki a kowane mataki, a bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki rage nauyin hoton kafin ki ɗora don kada shafin ya riƙa jan ƙafa wajen buɗewa. Rubutu ɗaya irin wannan ya fi gajeru goma. Kuma kanun kowane rubutu ya zama ainihin tambayar da mutum zai rubuta a Google, ba kwalliyar magana ba.

Batun buɗe shafin ba shi da wuya. Blogger na Google ne, kyauta ne, kuma ana iya sarrafa shi da waya. Abin da ya cancanci ki kashe wa kuɗi shi ne sunan shafi naki na kanki, ko mai ƙarewa da .com ko .com.ng (na .com.ng ana sayensa ne wajen dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su), ana sabunta shi duk shekara. Ki rubuta ranar sabuntawar a inda ba za ki manta ba, domin idan ya faɗi wani na iya saye shi. WordPress ya fi ba da dama, amma sai kin biya hayar wurin ajiye shafin, kuma da waya kawai yana da ɗan wahala. Ki bar shi sai shafin ya fara ciyar da kansa. Ki haɗa shafin da Search Console, wato dandalin Google na masu shafi, tun ranar farko ki miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin rubuce-rubucenki, ta nan za ki ga kalmomin da mutane ke nema har su faɗo wajenki.

Kafin ki nemi AdSense, shafin ya kasance da bayanin ko ke wace ce, da hanyar tuntuɓarki, da bayanin sirrin masu ziyara, wanda shi wajibi ne a ƙa'idarsu. Shekarun mai nema su kai 18. Google bai yanke adadin rubutun da za a yi ba, amma masu wannan sana'a sukan ba da shawarar a tara kamar 20 zuwa 30 masu nauyi tukuna. Dubawarsu takan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokacin har mako 2 zuwa 4. Amsar ƙi da aka fi samu ita ce abin da ke shafin ba shi da ƙima, kuma abin da ke jawo ta sananne ne: kwafe daga wani shafi, gajerun rubuce-rubuce, ɓangarorin da aka buɗe aka bari wayam, ko zuba Hausa a injin fassara a ɗora abin da ya fito ba gyara. Idan aka ƙi ki, ki gyara ki ƙara rubutu, ki ba shi makonni kafin ki sake nema. Idan an karɓe ki, ki sa ɗan fayil ɗin nan da ake kira ads.txt kamar yadda suka nuna, in ba haka ba kuɗin shigarki na iya raguwa.

To, nawa ake samu? Babu albashi a wannan harka, duk wanda ya yanka miki adadi a wata bai gaya miki gaskiya ba. Abin da ake dubawa shi ne RPM, wato abin da kike samu duk lokacin da aka buɗe shafukanki sau 1,000. Tun farkon 2024 Google ya koma biya bisa yawan ganin talla maimakon dannawa, kuma a dunƙule mai shafi yana tashi da kusan kashi 68 cikin 100 na abin da mai talla ya biya. Bari mu yi lissafi da misali kawai. A ce RPM ɗinki dala 1 ce, kuma ana buɗe shafinki sau 300 a rana. A wata sau 9,000 ke nan, dala 9. Google kuwa ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100, ke nan sai kin gama wata na 12 kafin ki ga kuɗin farko. Idan kina son dala 100 duk wata a kan wannan RPM ɗin, sai an buɗe shafin sau 100,000, sama da 3,300 kullum. Abin da ke canza lissafin shi ne inda mai karatu yake. Masu talla a Amurka da Ingila suna biyan ninkin abin da ake biya a kan mai karatu daga Najeriya, shi ya sa na nace a kan 'yan ƙasar waje masu kewar abincin gida. Lokaci ma yana da tasiri: daga Oktoba zuwa Disamba farashin talla yakan hau, a Janairu ya faɗi, kada hankalinki ya tashi. Ke kuma lokacin girbinki azumi da sallah ne, don haka girke-girken buɗa-baki da na naman layya ki ɗora su wata biyu kafin lokacin, saboda Google ba ya ɗaga sabon rubutu rana ɗaya. Koyarwarki kuwa ki riƙe ta da hannu biyu, kada ki ci bashi a kan wannan.

Masu karatun da za su riƙe shafin su ne waɗanda suka zo ta binciken Google. Tura wa 'yan'uwa a WhatsApp da Facebook yana taimakawa a farko, amma kwana biyu ne ya lafa. Kuma akwai haɗari a ciki: masoya sukan ce bari mu danna mata talla ta samu. Ki roƙe su don Allah kada su yi. Ke ma kada ki taɓa danna tallan shafinki, ki kuma kula da yara idan suna wasa da wayar. Google yana ganin wayar da layin da aka shigo da su, yana zare kuɗin da ya ɗauka na bogi ne, yana taƙaita talla, kuma yana rufe asusu gaba ɗaya. Haka batun abin da samari ke kira lodin, wato sayen masu ziyara na ƙarya don kuɗi su taru da sauri. Baya ga cewa ƙarshensa rufe asusu ne, cin dukiyar mai talla ne ba da haƙƙi ba. Masu tallata asusun AdSense na sayarwa ma ki rabu da su: asusu ɗaya aka yarda mutum ya mallaka, kuma ranar da aka nemi katin shaida mai sunan da ke kan asusun, kuɗin sun maƙale.

Akwai wani mataki da yake ba mutanen Legas wahala musamman. Idan kuɗinki suka kai dala 10, Google zai aiko da lambar PIN mai alƙaluma 6 a cikin ambulan ta gidan waya, don tabbatar da adireshinki. Gidajen haya da yawa a lungunan Agege da Mile 12 ba su da lamba a jikin bango, ga ɗakuna birjik, mai raba wasiƙa bai san wa zai miƙa wa ba. Tun wajen cike fom ki sa adireshin da ke bakin titi mai lamba a fili, inda akwai wanda ya san ki kuma yana zaune kullum, sannan ki je ofishin gidan waya mafi kusa ki bar sunanki da lambar wayarki. Wasiƙar takan ɗauki mako 2 zuwa 4. Idan ba ta zo ba ana neman wata bayan mako 3. Kina da wata 4 ki shigar da ita, in ya wuce talla ta daina fitowa, kuma idan kika shigar da lambar kuskure sau 3 ma haka. Sunan da ke asusun ya zama daidai da na katin shaidarki da na banki, harafi da harafi. Masu amfani da sunan miji a wani wuri, sunan uba a wani, su ne suka fi shan wahala a nan. Biyan kuɗi kuwa tsakanin 21 da 26 ga wata ake turowa, na watan da ya gabata, kai tsaye zuwa banki. Ki buɗe asusun dala, ki karɓi lambar SWIFT ta bankin daga bakinsu, wato lambar da ake gane bankin da ita wajen turo kuɗi daga ƙasar waje, ki tambayi abin da suke cirewa idan kuɗi sun shigo daga waje.

Na san za ki damu da irin tallan da zai fito kusa da sunanki, kuma ya kamata ki damu. A cikin AdSense akwai wurin toshe rukunin tallan da ba ki so, kamar caca, giya da neman abokan soyayya. Ki toshe su tun ranar farko, ko da zai ɗan rage kuɗin. Wannan ne ma ya sa ba na ba ki shawarar wasu ƙananan kamfanonin talla da ke karɓar shafin Hausa ba tambaya. Da yawansu tallansu yakan yi tsalle ya rufe fuskar waya, ya jefa mai karatu shafin caca ko hotunan da ba za ki so ɗalibarki ta gani ba, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa.

Rubutun Hausa kuwa kada ki yar da shi, ki ware masa shafinsa daban, kuɗinsa a hannun mutanenmu yake. Mai sayar da yaji da kilishi, mai turaren wuta, mai kawo atamfa da leshi daga kasuwar Balogun, mai abincin biki da suna, duk suna neman matan Hausawan Legas, kuma su ne masu karanta ki. Idan shafin ya yi jama'a, ki nuna wa mai kaya adadin masu shigowa da garuruwansu daga Google Analytics, wato ma'aunin Google na ƙirga masu ziyara, ku yanka farashi na wata, ya biya kafin ki ɗora, ki rubuta a fili cewa wannan talla ce. Kayan da ba ki gani da idonki ba kada ki tallata, maganin da ba shi da rajistar NAFDAC kuma kada ki karɓa ko nawa za a ba ki, domin idan ya cutar da wata, ke za a nema.

Tun yau ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail ɗin da za ki yi amfani da shi, ki rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda ki adana a gida, saboda shafin da AdSense da Search Console duk a kansa suke rataye, waya kuwa tana iya ɓata a cikin motar danfo. Kuma Google ya janye manhajar AdSense ta waya tun 2019, ta burauza ake shiga, don haka duk manhajar da ta nemi ki sa kalmar sirrinki da sunan AdSense kada ki ba ta.