Amsa ga mai neman lemu mai ɗaci na yin mamaled

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki cewa kin gwada yin mamaled, wato daskararren haɗin lemu da sukari da ake shafa wa burodi, a nan Kano da lemun zaƙi, ya fito da zaƙi kawai, babu ɗan ɗacin nan da kika saba ji a na kwalba, kuma ya ƙi kamawa, kina neman inda za ki samu lemun da ake yin sa da shi. Na jima ina yin sa, tun ina zaune a Ingila har bayan dawowata gida, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Hannunki lafiya lau yake, lemun ne ba shi ba ne. Wanda ake yin mamaled na asali da shi wani jinsi ne dabam, ruwansa tsami, ɓawonsa ɗaci, ga 'ya'ya cike da ciki. Turawa suna danganta shi da birnin Sabil na ƙasar Sifen, inda Larabawan Andalus suka kai shi, har yau kuma dubun dubatar bishiyoyinsa ne jere a titunan birnin. A Ingila ba ya daɗewa a kanti, yakan shigo wajen ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, kafin Fabrairu ya ƙare an neme shi an rasa. 'Yan ƙungiyar nan da ke can, ku lura da wannan lokaci. Idan ya wuce ku, ku leƙa shagunan Iraniyawa ku tambayi naranj, sunan da suke kiransa da shi.

A nan gida kuwa, kada ki ɓata ƙafarki a kasuwa tukuna. 'Yan Lemo ta Na'ibawa ita ce uwar kasuwar kayan marmari a Kano, amma abin da motoci ke saukewa daga Binuwai lemun sha ne. Babu manomin da zai yi lodin abin da mai saye zai ɗanɗana ya tofar. Idan kina da dillalin da kuka saba, kina iya roƙonsa ya yi wa mutanensa na can magana su sako miki ɗan ƙulli a cikin kaya, wani lokaci a dace. Haka matan Yarbawa masu sayar da kayan magani a Sabon Gari, su sun san shi da ganyinganyin, sukan samo shi jefi-jefi.

Inda na fi samunsa shi ne tsofaffin lambuna da tsofaffin gidaje. Ga dalili. Yawancin lemun zaƙi na aure ne: ana ɗaukar idon mai zaƙi a ɗora a kan gindin wani lemu mai juriya, kuma shekaru da dama wannan mai ɗacin ne ake yin gindin da shi a duniya, saboda yana jure ruɓewar saiwa. Idan saman ya mutu, ko aka bar tohon ƙasa ya rinjaye shi, sai bishiyar ta koma asalinta. Shi ya sa za ki ji mai gida yana cewa lemunsa ya lalace, da yana zaƙi yanzu ko yara ba sa tsinka. To wannan bishiyar da ake shirin sarewa ita kike nema. Ki tambayi masu gadin tsofaffin gidajen gwamnati, da masu renon dashe a bakin titi, da masu lambu na gefen gari. Kada ki ce musu mamaled, ki ce kina neman lemun da aurensa ya mutu. Ni bishiyar da nake ɗiba a bayan gidan wata dattijuwa 'yar Labanan take, su da gangan suke shuka shi, suna ce masa busfer, suna tatar ruwan ƙamshi daga furensa.

Sai dai a yi hattara, ba duk gindin da ya toho ne shi ba. Wata cuta mai suna tiristeza, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin bishiyoyin da aka aura a kan wannan gindi a Barazil da Ajantina a shekarun 1930 da 1940. Daga nan masu reno a ƙasashe da yawa suka koma amfani da wasu gindin, musamman wani babban lemun tsami mai kaushin baya da wani irin tanjarin. Don haka sai kin duba da idonki.

Ki fara da ganye. Ki tsinko ɗaya ki kalli inda ya haɗu da reshe: a jikin ƙarar akwai fiffike mai faɗi, har ki ɗauka wani ƙaramin ganye ne a ƙarƙashin babban. Na lemun zaƙi siriri ne, na babban lemun tsamin nan kuwa kusan babu. Ki murza ganyen a tafin hannu, ƙamshinsa mai ƙarfi ne, yana daɗewa a yatsu. Sannan ki yanka ɗan a tsakiya. Ɓawon mai kauri ne, bayansa gurji-gurji, 'ya'yan sun yi yawa, idan ya nuna sosai kuma za ki ga ɗan rami a cibiyarsa. Kada launi ya ruɗe ki. Lemu ba ya yin ja sai ya sha sanyin dare, shi ya sa namu kan nuna yana kore ko ɗorawa-ɗorawa. Daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu ne na fi samunsa da ruwa. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, ki bar wanda ya yi laushi ko ya fara yamushewa.

Waɗannan 'ya'yan da farin cikin ɓawon su ne sirrin kamawar. A cikinsu sinadarin pektin yake, shi ne ke haɗuwa da tsami da sukari ya daskare. Lemun zaƙi yana da ƙarancin tsami, 'ya'yansa kuma kaɗan, shi ya sa naki ya tsaya ruwa-ruwa.

Awon da nake bi: lemu kilo 1, sukari kilo 2, ruwa lita 2 da rabi, da ruwan lemun tsami kamar cokali 4. Ki matse ruwan, ki tattara 'ya'yan da tantanin ciki ki ƙulle su a ƙyallen tatar koko mai tsabta, ki yanka ɓawon siri-siri, ki jiƙa duka su kwana. Washegari ki dafa a wuta kaɗan kusan awa 2, har ɓawon ya murƙushe tsakanin yatsu biyu. Wannan matakin ba a gaggawarsa, domin da zarar sukari ya shiga ɓawon ba zai ƙara laushi ba. Ki cire ƙullin, ya huce, ki matse shi da ƙarfi a cikin tukunyar, za ki ga wani abu mai yauƙi yana fitowa, kada ki bar ko ɗigo. Sai sukari, ki juya har ya narke, sannan ki ƙara wuta ya tafasa sosai. Yana kamawa a wajen digiri 105. In babu ma'auni, ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, bayan minti ɗaya ki tura da yatsa, idan ya tattare ya yi. Ki bar shi minti 15 kafin ki zuba a kwalaben da kika dafa, don kada ɓawon ya taso sama. Tukunyar dalma ba ta shiri da tsami, ki nemi ta ƙarfe marar tsatsa mai faɗin baki.

Idan kin samu da yawa, ana saka shi a firiza ɗungurungum ya yi watanni. Amma inda wuta ba ta tsayawa, gara ki dafe shi duka lokaci guda, kwalbar da aka rufe da kyau takan kai shekara a wuri mai sanyi.

In kuma neman ya gagara bana, ki haɗa lemun zaƙi 3, garehul (babban lemun nan mai ɗan ɗaci da Turawa ke kira grapefruit) 1, da babban lemun tsami 2. Garehul ya ba ki ɗacin, lemun tsami ya ba ki kamawar. Ƙaramin lemun tsami namu na shayi ruwansa kaɗai za ki sa, ɓawonsa yana tauri kuma yana dusashe launi. Ba zai kai na asali ƙamshi ba, amma ya yi wa wanda kika fara gwadawa nisa.

Abu ɗaya da nake so kowa ya ji: lemu mai ɗaci da garehul duka suna iya ƙara ƙarfin wasu magunguna a jiki, ciki har da wasu na hawan jini da na rage kitse a jini. Idan akwai mai shan irinsu a gida, Alhaji ne ko su Inna, a tambayi likita kafin a riƙa shafa musu a burodi kullum.

Idan Allah ya haɗa ki da bishiyar, ki roƙi mai ita kada ya sare, ki kuma kai mai renon dashe ya ɗebi ido ya aura miki a gida, zai riga wanda aka shuka daga ƙwallo yin 'ya'ya da shekaru. Ki turo hoton ganyen da na ɗan a yanke nan ƙungiya kafin ki sayi sukari, in duba miki.