Amsa ga Kawu kan takarar kansila a Landan

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni wane ne ubangidan yaron nan namu da ya fito takarar kansila, da kuma nawa 'yan uwa suka tara masa. Ubangida dai babu. Abin da takarar ta ci masa shi ne lokaci da takalmi.

Ɗan Najeriya mai izinin zama na dindindin yana iya tsayawa zaɓe a Birtaniya ko bai karɓi fasfon ƙasar ba, albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. 'Yan uwanmu na Nijar ba su da wannan dama sai sun zama 'yan ƙasa, kuma abin yana yi mini ciwo, don tare muke sallah, tare muke biyan haraji. Shekara 18 ta isa tsayawa. Ba a ajiye ko sisi don takarar kansila, mutum biyu daga mazaɓa su sa maka hannu, shi ke nan. Mai neman majalisar ƙasa ne ke ajiye fam 500.

Yaron ya fara ne da raba takardun jam'iyya gida-gida, yana ƙwanƙwasa ƙofa cikin sanyi, yana sauraron koken kwashe shara da ramukan titi da gidajen hayar ƙaramar hukuma. In ya ci, aikin ke nan, kuma alawus kaɗan ake ba kansila, shi ya sa da yawansu ke riƙe da aikinsu na yau da kullum. Kada ka raina kujerar. Sadiq Khan, ɗan direban bas, daga kansila a ƙaramar hukumar Wandsworth da ke Landan ya faro a 1994, ya je majalisa a 2005, ya zama magajin garin Landan a 2016.

Inda muka sha wuya shi ne batun abinci. Ka san mu, baƙo ba ya shiga gidanmu ya fita bai ci ba. To a nan dokar zaɓe ta 1983 ta haramta ciyar da mutum ko shayar da shi don jan ƙuri'arsa. Iyaye mata sun so su ɗora tukunya ranar taronsa, ya durƙusa ya roƙe su su bari. Wata Hajiya har ta yi fushi, ta ce wace irin tafiya ce wannan babu karamci? Sai da dattawa suka zauna da ita bayan Juma'a kafin ta huce. Yanzu ita ke tara matan unguwa duk Asabar suna ninke masa takardu, girkin kuma an ɗage shi sai bayan an ƙirga ƙuri'a.

A gaida su Inna da yara.