Za mu kafa 'yan sintiri a unguwarmu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wata unguwa cikin birnin Kano. Daga bara zuwa bana ƙwacen waya ya addabe mu, musamman bayan magariba da lokacin fita sallar asuba, yanzu kuma an fara fasa shaguna. Gidajenmu sun kai tamanin. Matasa sun ce a ba su dama su fara sintiri, dattawa kuma suna tsoron kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Yaya za mu yi, kuma ina doka ta tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dattawan nan suna da gaskiya. Abin da ya fi kashe sintirin unguwa shi ne rigimar kuɗi, da shigar baragurbi, da dukan wanda aka kama, don haka a nan za a fi sa ido.

Kafin ku ɗauki kowa, ku sami littafi ku yi mako biyu kuna rubuta duk abin da ya faru: ranar, ƙarfe nawa, a wane lungu, su nawa ne, a ƙafa suke ko a babur ko a Adaidaita Sahu, kuma ta ina suka ɓace. Yawanci za ku tarar abin yana maimaituwa a wurare uku ko huɗu, kamar bakin lungun da ya ɓulla babban titi, ko kango, ko gefen kududdufi. Can za a fara kai fitila mai aiki da hasken rana. A ɗaga ta mita huɗu zuwa biyar, a yi wa kusoshinta walda, don ita ma sacewa ake yi. Da hunturu ƙura tana rufe farantin, sai ka ga fitilar ta mutu ƙarfe biyun dare, daidai lokacin da ake neman ta. A sa wani ya riƙa gogewa duk mako biyu. Kango kuwa mai unguwa ne zai kira mai shi ya toshe ƙofa da tagogi da bulo.

Daga nan sai neman izini. Takarda ta bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, sannan a kai wa DPO na ofishin 'yan sandan yankinku, kwafi biyu, a buga hatimi a kan naku ku adana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma, saboda haka ba alfarma kuka je nema ba. Ku karɓi lambar jami'in da ke aikin dare, ga kuma 112 ta gaggawa.

Tantance mutane ne wurin da ake yin sake. Duk wanda zai shiga ya kawo hoto da lambar NIN da magidanta biyu 'yan unguwar da za su tsaya masa a rubuce, a kuma miƙa sunayen ga 'yan sanda su duba. Za a ce muku a ɗauki tubabben ɗan daba don ya san lungu da saƙo. Ya sani ɗin, amma yana tafe da tsohuwar gaba, kuma ranar da abokan faɗansa suka biyo shi, unguwarku ce filin daga. In an ɗauke shi, kada a ba shi shugabanci.

Gida tamanin mutum takwas sun isa. A raba su huɗu-huɗu, kada a taɓa barin mutum ɗaya ya zaga shi kaɗai. Kayan aikinsu tocila mai ƙarfi, usur, gora, riga mai ƙyalli da lamba a baya, da waya mai kati. Ban da wuƙa, ban da adda, ko bindigar toka ma sai da lasisi. A riƙa sauya hanya da lokacin zagaye, don ɓarawo kwana uku ya ishe shi ya haddace tsarin da ba ya canzawa. A kuma yarda da ma'anar usur: busa ɗaya zagaye ne, uku a jere a kunna fitilun waje a fito.

Kuɗi kuma kada 'yan sintiri su bi gida-gida karɓa da kansu, nan da nan yake komawa kuɗin dole. Mai karɓa daban, ma'aji daban, a ba da rasit, a karanta lissafi duk ƙarshen wata a ƙofar masallaci bayan isha'i. A ɗauke wa gidan marayu. A tsayar da ranar biya, domin ɗan sintirin da ya yi wata biyu babu ko sisi shi ne zai fara kau da kai.

To, in an kama mutum fa? Doka ta yarda kowa ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ba ku damar tsare shi har gari ya waye ba, balle a ɗaure shi a turke ana tuhuma da bulala. Su kansu 'yan sanda, sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce su kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in babu kotu cikin kilomita 40. Idan ya mutu a hannun jama'a, duk wanda ya sa hannu yana iya fuskantar tuhumar kisan kai, kuma shugaban sintiri za a fara nema. Saboda haka biyu su riƙe shi, biyu su tare taro, a shigar da shi shago ko zaure a ja ƙofa, a buga waya. Kada a laluba aljihunsa sai a gaban shaidu, a rubuta abin da aka samu.

Abin da ke lalata shari'a shi ne mai waya ya karɓi kayarsa ya ce ya bar wa Allah. Babu mai ƙara, babu shaida, sai ku ga yaron ya dawo layi bayan kwana biyu ana ta zargin an sayar da magana. Haka in aka gano ɗan gidan wane ne, sai a shiga kamun ƙafa. Ku rubuta tun yanzu, iyaye su sa hannu a gaban mai unguwa, cewa ɗan kowa aka kama ofishin 'yan sanda za a kai shi.

Kowane gida kuma ya danna *#06# a wayarsa, ya kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, a takarda, ya ajiye tare da kwali da rasit, ya sa wa layinsa lambar sirri. In an zare wa mutum wuƙa ya miƙa wayar kawai. Ya fara da rufe asusun banki da layin, sannan ya tafi ofishin 'yan sanda da takardar nan a hannu.